Yaron da Ya Zama Uku a Kwamfutarmu

Katagum, Ƙaramar Hukumar Zaki,
Jihar Bauchi.
14 ga Agusta, 2025.

Zuwa ga ɗana Abubakar Siddiƙ,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa da so da kewa, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka lafiya ƙalau, kai da Ikhlas da 'yar tsohuwata Uwa. Allah Ya tsare ku a ƙasar mutane, Ya sa albarka a cikin nemanku, Ya raba ku da sharrin da kuka sani da wanda ba ku sani ba. Na ga hoton da kuka turo na ranar da Uwa ta fara makaranta. Jakar ta kusa fin ta girma, kuma wannan haɗe girar da ta yi taka ce sak, ta ranar da na fara kai ka firamare a Azare kana riƙe da zanina kamar za a sayar da kai. Ka ce wa Ikhlas ta riƙa ba ka abinci, don na ga wuyanka ya yi tsawo, kuma kada ka ce mini aikin kyamara ne.

Mu nan sai godiya. Damina ta zauna sosai bana, kogi ya cika ya tumbatsa har ya leƙo gefen fadamar Yaya Alhaji, amma Allah Ya taƙaita, shinkafar ba ta nutse ba. Mahaifin naka yana nan da taurin kansa. Likita ya ce ya huta da ƙafar, shi kuwa kullum da hantsi yana bayan acaɓa zai je duba gona, wai idan bai je ba shinkafa ba za ta san mai ita ba. Mahaifiyarka Hajiya Baturiya hawan jinin ya sauka, ni da kaina nake auna ta duk Juma'a, kuma na hana a sa mata gishiri da yawa, tana ta mita. Kifi ya yi araha, har na tuna yadda kake tsotse ƙaya ka bar wa mutane faranti fes. Ni ma lafiyata lau in ban da gwiwa, wadda ta fara tuna mini cewa saura shekara uku in ajiye aiki.

To Siddiƙu, ka gyara zama, don ba gaisuwa kaɗai ta sa na ɗauki biro ba. Na zaɓi takarda ne da gangan. In na kira ka a waya, kafin in kai ƙarshen magana ɗaya ka jero mini goma, bakinka kamar injin markaɗe, in kashe waya ina ganin kai ke da gaskiya, sai na kwanta in tuna abin da na so faɗa. A nan kuwa ba ka da damar katse ni. Maganar a kan manhajar nan ce taku da muke ajiye bayanan marasa lafiya a cikinta a asibitinmu, wadda har yau na kasa furta sunanta, muke ce mata Kundi. Ina so in bar ta in koma reshen da abokinka Ebuka ya cire daga jikinta. Na san zuciyarka ta buga da ka karanta wannan layin. Ka daure ka kai ƙarshe.

Ban manta alherin Kundi ba, kuma ba zan manta ba. Shekara shida ke nan da ka zo hutu ka tarar da ni a tsakiyar katunan da gara ta cinye rabinsu, ka ce Goggo wannan wahalar ta ƙare. Kai da abokinka Chukwuebuka, ɗan Maman Ebuka mai shagon atamfa a kasuwar Azare, kuka yi mako biyu kuna jan waya, kuna ɗora sola, kuna koya wa tsohuwa inda za ta danna. Ni da nake buga harafi ɗaya in ɗaga kai in nemi na biyu, yau ga ni ina koya wa wasu. A lokacin ne ka bayyana mini cewa wannan manhaja ba ta da mai ita, kamar rijiyar unguwa take, kowa ya ɗiba, kowa ya leƙa cikinta, wanda ya iya yasa ya yashe. Da aka sa ka cikin mutum bakwai masu duba duk gyaran da za a shigar mata daga ko'ina a duniya, na yi ta faɗa wa mutane har suka gaji da ni. Ko waɗanda ba su tambaya ba sai da suka ji.

Amma ka san inda take mana ciwo tun farko. Gurbin suna ɗaya ne, sai na sunan uba, shi ke nan. Mu kuwa rabin masu zuwa wurinmu daga rugage suke, sauran ma 'yan gari ne masu alkunya. Mace ba za ta faɗi sunan ɗanta na fari ba, ba za ta faɗi na mijinta ba, in kuma yaron sunan surukinta ya ci, to magana ta ƙare, ko za ka kwana kana tambaya. Yau ta ba ka wannan laƙabin, wata uku ta dawo da wani. Bara Ebuka ya zauna ya rubuta gyara, ya ƙara gurabe na laƙabi, da neman yaro ta sunan uwa da ruga, ya tura muku. Kuka riƙe wata biyar, sannan kuka ce a'a, wai zai taɓa ginshiƙin manhajar, zai dagula wa asibitocin wasu ƙasashe, a jira babban sabuntawa. Wannan ban isa in yi musu da shi ba, ku kuka san cikinta. Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne amsar da aka rubuta a dandalinku, inda aka ce wannan ba matsalar manhaja ba ce, matsalar horar da ma'aikata ce, a koya musu su dage sai an ba su sunan gaskiya. Na sa tabarau na karanta sau uku, na ga sunanka a ƙasa. Wallahi Siddiƙu na ji kunya, kuma na ji haushi. Kai da 'yarka take amsa Uwa don kada a kama sunan kakarku a gidan, kai ne za ka rubuta a dage?

Daga nan Ebuka ya yi fushi ya kwafi manhajar gaba ɗaya, kamar yadda dokarku ta yarda, ya zuba gyaransa, ya raɗa mata suna Alkunya. Abin da kuke kira fok ke nan, ni dai a wurina raba tukunya ne. Kuka daina magana, ku da kuka ci tuwo a kwano ɗaya a ɗakina. Ya zo har Katagum a watan Janairu ya ce in koma tasa, na ce masa ba zan bar aikin ɗana ba. Bai ja ba, ya ce ya fahimta, ya sha furarsa ya hau mota. Gaskiyar magana ban auna komai ba a ranar. Kai kawai na duba.

Yanzu ga abin da ban faɗa maka ba, ko da muka yi waya da Babbar Sallah. A watan Yuni, ranar kasuwa, layi ya kai bakin ƙofa, wata yarinya mai suna Saliha daga wata ruga ta hayin kogi ta kawo ɗanta, ɗan shekara biyu da rabi, yana tari, ƙirjinsa na ƙugi. Na tambayi kati, ta ce ya jiƙe a kwalekwale ya narke. Na tambayi suna, ta sunkuyar da kai tana murza bakin mayafi, can ta ce Baffa. Na tambayi sunan uba, ta yi shiru. Na san dalili sarai, ba yau na fara aiki ba. Na buga Baffa, Kundi ta ce babu, na ga mutane na jira, sai na buɗe masa sabon fayil, na ba shi maganin ruwa na dangin fenisilin, na ce ta fara ba shi a nan in gani. Allah ne Ya sa na ce a nan. Ba su kai ƙofar fita ba jikin yaron ya yi ruɗu-ruɗu, leɓɓansa suka kumbura, numfashi ya fara sarƙewa. Malam Zarami, shugaban asibitin, shi ya zari allurar da ake karya irin wannan da ita ya yi masa. Shekara talatin da ɗaya ina aiki, ban taɓa ganin tashin hankali irin na ranar ba. Uwar kuwa ko kuka ta kasa yi a gaban mutane, tana tsaye jikin bango ta kau da kai, hawaye na bin wuyanta.

Allah Ya ba yaron sauran kwana. Da la'asar goggonsa ta zo, ta faɗi sunansa na yanka, Muhammadu. Na buga, sai ga fayil ya fito. Ita ta kawo shi bara, kuma a saman fayil ɗin, da jan rubutu, an ce kada a sake ba shi wannan magani domin ya taɓa yi masa illa. Ni na rubuta da hannuna. Na ƙara bincike na same shi a wuri na uku da sunan Hammawa, ranar da kakarsa ta kawo shi rigakafi. Yaro ɗaya, fayil uku, kuma wanda zai cece shi yana nan kwance a cikin kwamfutar da ke gabana. Ba na ɗora maka laifi, ɗana, hannuna ne ya miƙa maganin, kuma da na natsu na aika a nemo wani daga cikin danginsa a kasuwa da ba a yi haka ba. Amma kwana uku abinci bai wuce mini ba.

Bayan na dawo hayyacina na kira Ebuka. Na ce ba komawa na yi ba, gwaji nake so, gani ya kori ji. Ya zo ya ɗora Alkunya a tsohuwar laftof ɗinka da ka bar mini, ya zuba mata kwafin bayananmu, muka bar Kundi tana aikinta a babbar kwamfuta. Mako biyar ina shigar da kowane mara lafiya sau biyu, nan da can, har Malam Zarami yana tsokanata wai na zama mai miji biyu. A ranar farko ta tsamo mana yara ɗari biyu da goma sha ɗaya da take zargin an rubuta su fiye da sau ɗaya. Muka bi su ɗaya bayan ɗaya, ɗari da tamanin da wani abu gaskiya ne. A cikinsu akwai waɗanda muke ta aikawa ruga a nemo wai sun tsallake rigakafi, ashe sun karɓa da wani suna. Yanzu in mace ta yi shiru ba na takura mata. Sai in ce ke ya sunanki, daga wace ruga, ta faɗa da sakin fuska, 'ya'yanta su jeru a allo, in karanto, in na zo kan nasa ta gyaɗa kai.

Kada ka ce Goggo ta ga sabo ta rikice. Na ga aibinta, kuma zan faɗa maka tun kafin ka faɗa mini. Tana da nauyi, takan yi tunani kafin ta buɗe fayil. Sau biyu ta tsaya cak sai da na kashe na kunna. Katin da take bugawa yana yanke ƙarshen dogon suna. Waɗannan duk ƙanana ne. Babban abin da ke damuna shi ne ku ɗaruruwa ne a bayan Kundi, su kuwa su uku ne: Ebuka, da wata ma'aikaciyar jinya a Marwa, da wani malami a Damagaram. Ebuka yana da shagon gyaran waya da zai kula da shi, matarsa kuma ta kusa haihuwa. In ya gaji fa? In ya samu aiki a Legas? Ka taɓa ce mini duk 'yan watanni kuna toshe wata ɓaraka da ɓarayin intanet za su iya bi su kwashi sirrin mutane. Wa zai riƙa toshe mana? Na yi masa duk waɗannan tambayoyi ido da ido. Bai yi mini daɗin baki ba. Ya ce duk abin da kuka toshe yana ɗaukowa ya sa a tasu cikin mako guda, amma kullum hanyoyin biyu ƙara nisa suke, wata rana ɗaukowar za ta yi wuya. Ya ce in na ƙaura, dawowa ba za ta yi sauƙi ba, don Kundi ba ta da inda za ta ajiye sunayen laƙabin, sai dai a zubar. Ya kuma ce, kuma wannan ka ji shi da kyau, shi bai cire reshe don a ce ya yi suna ba, duk ranar da kuka karɓi gyaran zai rufe Alkunya ya dawo gida da ƙafarsa.

Malam Zarami ya ce tunda ni ce mai zama gaban kwamfutar, ni zan yanke, shi nasa sa hannu. Na yi istihara, na yi ta juya abin. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, Siddiƙu. Haɗarin da kake tsoro na gobe ne, kuma mai yiwuwa ne. Nawa na riga na gan shi kwance a kan benci yana neman numfashi. Don haka ranar Asabar ta ƙarshen wannan wata, da yardar Allah, za mu ƙaura. Ba izini nake nema ba, kada in yi maka ƙarya. Abin da nake nema ya fi izini wuya. Ina so ka kira Ebuka, ku duba ƙaurar nan tare, ka sa idonka a kan kowane mataki, don bayanan mutum dubu tara ne, kuma duk duniya babu wanda na yarda da idonsa kamar kai. Ka nuna masa inda ya yi kuskure, na san akwai, ka kuma faɗa masa da irin bakin da za a iya ji. In ka ga ramin da zai sa in fasa, ka faɗa mini gaskiya, zan saurare ka. Amma ramin gaske, ba na zuciya ba. Sannan in hali ya yi, ka sake ɗaga maganar a gaban mutanenka shida. Gyara kayanka bai taɓa zama sauke mu raba ba.

Jiya da yamma na je gidanku da wannan takarda kafin in ƙarasa ta, na karanta wa mahaifiyarka, don ba na so in yi abin da zai taɓa ka ba da saninta ba. Tana tsinar shinkafa a faifai, ba ta ɗago ba har na kai labarin Saliha. Nan ta ajiye faifan. Sannan ta ba ni wani labari da ban taɓa ji ba, ni da nake ganin na san komai naka. Ta ce lokacin kana da wata goma sha huɗu, kafin a yaye ka a kawo mini, ƙyanda ta kama ka, Yaya Alhaji ya yi tafiya, ni ina makarantar koyon aikin lafiya. Ta goya ka ita kaɗai ta kai ka asibiti a Azare. Da layi ya zo kanta, mai rubuta kati ya tambayi sunan yaro. Ta ce ta buɗe baki, sunan ɗan farinta yana kan harshenta, ya ƙi fita. Mutumin ya tambaya sau uku, ya daka mata tsawa, ya ce ta koma gefe in ta tuna sunan ɗanta ta dawo. Ta koma ta zauna a ƙasa, jikinka kamar garwashi a bayanta, tun hantsi har azahar, tana kallon ana kiran na bayanta. Sai da Allah Ya kawo wata mata 'yar unguwarku ta faɗi sunan aka ba ka gado. Ta ce har yau in ta tuna, takan tambayi kanta wace irin uwa ce ita. Shekara talatin da huɗu tana ɗauke da wannan, Siddiƙu, ba ta faɗa wa kowa ba. Na ce mata ita uwa ce irin wadda aka haifa aka tarbiyyantar a nan, kuma mai katin ne ya kamata ya san inda yake aiki. Na tambaye ta ko in rubuta maka. Ta ɗauki faifanta ta ce in rubuta, amma kada ka yi mata maganar in kun yi waya.

To ka ji. In ranka ya ɓaci, ka ɓata shi a kaina, na saba, ni na yi ta yi maka tsarki kana yaro. Amma kada ka yi mini shiru. Shirun nan da kuke yi kai da Ebuka ya ishe ni, ba zan iya ɗaukar na biyu ba.

Ka gaishe mini da Ikhlas da kyau, ka ce na gode da man zafin da ta aiko, yana aiki. Ka sumbaci Uwa, ka ce tsohuwarta ta ajiye mata 'yar akuya mai farin goshi. Yaya Alhaji yana gaishe ku, ya ce a tambaye ka yaushe. Malam Zarami yana gaisuwa. Maman Ebuka ta riƙe hannuna a kasuwa ta ce in gaida ɗanta na Turai, ta ce ita ba ruwanta da faɗan kwamfuta. Mahaifiyarka ta ce a gaida mutanen gidan, duka, ta kuma maimaita duka ɗin. Allah Ya yi maka albarka, Ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Ina jiran kiranka kafin Asabar ɗin.

Goggonka da ta goya ka,
Dijatu.